Wai akwai kofin ƙasa na sili ɗaya ƙwale da ƙungiyoyin unguwa kaɗai ke bugawa?

Kocin Unguwa, Argungu

Assalamu alaikum 'yan uwa masoya tamaula. Don Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar nan ciki da waje. Ina riƙe da wata 'yar ƙungiya nan Argungu, shekara ta shida kenan, ba mu da mai ɗaukar nauyi, ba mu da ofis, jesin ma karo-karo munka yi munka saye a kasuwa. Yaran kowa da sana'arsa, huɗu 'yan kabu-kabu ne, akwai tela, akwai mai gyaran waya, golanmu masunci ne, sauran kuwa da damina ta faɗi ko lokacin dashen shinkafa ya zo sai ka neme su ka rasa don duk suna fadama. Atisaye sai bayan la'asar, in an kira magariba an tashi.

Gasar cikin gari dai Alhamdulillah muna taɓukawa, ta bayan sallah mun ɗauka sau biyu, kyautar rago ɗaya da ƙwallo biyu. To shekaranjiya bayan atisaye kyaftin ɗina ya tare ni ya ce koci wai mu shikenan iyakarmu kenan, kullum mu da ƙungiyoyin da munka sani tun muna yara, mun san wanda ke buga hagu mun san wanda ke tsoron kai? Ya ce ya gani a waya a Ingila ƙananan ƙungiyoyi irin namu suna da nasu kofi na ƙasa baki ɗaya har su je babban filin wasa na Wembley a Landan su buga fainal. Wallahi na rasa amsar da zan ba shi, sai na ce ya bari in tambaya.

Shin mu nan Najeriya akwai irin wannan, kofin da babu manyan kulob ciki, 'yan dagaji zalla, in an ci ka ka koma gida? In akwai ta ina ake shiga? In kuma babu, mi ya hana? Lig dai kar ma a kawo mana maganarsa, ba mu da ƙarfin tafiya duk sati.

Tsohon Gola, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam ƙanena. Kofin da kaka nema na 'yan dagaji zalla ban taɓa buga shi ba, ni abin da munka tashi munka iske shi na Challenge Cup, wanda yanzu aka ce ma President Federation Cup, kuma wanga kofi ƙofa tai buɗe take ga kowa, babba da yaro. Ya girme ni ya girmi ƙasar ma in ta 'yancin kai aka bi, tun 1945 anka fara shi da sunan Governor's Cup, zamanin Gwamna Richards, da farko ƙungiyoyin Ikko kaɗai ka bugawa kafin a buɗe ma sauran ƙasa, kuma 1953 Kano ta ɗauko shi ta kawo Arewa. Sunan ne kawai ka canzawa, an yi Coca-Cola, an yi Federation, an yi Aiteo, amma kofin guda na.

Zamaninmu babu jihar Kebbi, sai 1991 anka yanke mu daga Sakkwato, Zamfara kuwa sai 1996. Saboda haka in za ka buga na jiha sai ka hau mota ka nufi Sakkwato, mu kwana ajin makaranta bisa benci, da safe mu sha koko mu shiga fili. Ba wanda ya taɓa biyanmu ko kwabo kuma ba mu jin an cuce mu.

Ni dai ra'ayina, kuma na san yaran yanzu ba su so, raba kofin nan kashe mai daɗi na. Mi a daɗin sili ɗaya ƙwale in ba ƙaramin ya kada babba ba? Ka tambayi duk wanda ya riƙe rediyo a 1984, Leventis United ta Ibadan ba ta ko cikin babban rukuni ta ɗauke kofin a gaban manya. Kwanan nan ma Bayelsa United tana rukuni na biyu ta ɗauka 2021, El-Kanemi ta Maiduguri ita ma daga NNL, wato rukuni na biyu, ta ɗauka 2024, ta ci Abia Warriors 2 da nema a Legas. Minti 90 na, ƙwallo ba ta san albashin kowa ba. In kun yi tsaye kun tsare gida anka kai ga fenariti, to golanka masunci da golansu mai mota duk ɗaya suke, Allah kaɗai ya san wanda za ya yi dariya. Ka gaya ma kyaftin ɗinka shi bar kallon Wembley shi fara da filin Haliru Abdu.

Sakataren Kulob, Gusau

Baba Allah ya ƙara girma, tarihi kam ka ba mu, amma da izininka misalan da ka kawo duk ba irin su koci ba ne. Bayelsa United da El-Kanemi ƙungiyoyin gwamnatin jiha ne, suna da bas suna da albashi suna da masauki, rukuni na biyu suke amma ƙwararru ne. Leventis kuwa kamfani ne ke bayanta. Ba a haɗa su da yaran da sai sun ajiye babur kafin su ɗaura but.

Koci bari in yi maka bayanin yadda abin yake tafiya tunda na taɓa cike fom ɗin da hannuna. Ba kai tsaye ake shiga na ƙasa ba. Kowace jiha hukumar ƙwallonta tana shirya nata kofin tukuna, shi ne mutane ke kira FA na jiha. Ƙungiyarka sai ta yi rajista da hukumar jiha, ku sayi fom, kowane yaro a yi masa lasin da hotonsa, a jefa ƙuri'a. Ƙungiyoyi biyun da suka kai fainal, wanda ya ci da wanda aka ci, su ne ke wakiltar jihar. Jiha 36 da Abuja, biyu-biyu, 74 kenan. Sai a ɗebi ƙananan ciki su yi wasan share fage har a rage su koma 64, daga nan 32, 16, haka har fainal. Kuma wasannin na ƙasa ba a gidan kowa ake yi ba, wani gari daban ake zaɓa muku ku haɗu a can. Wanda ya ɗauki kofin shi ke zuwa gasar kulob-kulob ta Afirka, CAF Confederation Cup.

To ka ga a takarda babu wanda ya hana ka. Amma ka duba ƙofar da kyau. Ku a Kebbi akwai Kebbi United, mu nan akwai Zamfara United da ta taɓa buga firimiya, ga kuma 'yan makarantun horar da ƙwallo masu ɗan ƙarfi da ke buga NLO, wato rukuni na uku, kujera biyu ce tak, sai ka tsallake waɗannan duka kafin ka leƙa waje. In Allah ya ba ka sa'a ka tsallake kuma sai ainihin jarabawar ta zo, wato mota.

Shekarar da muka samu fita, murna har da ganga a unguwa, da aka faɗi garin da za mu je sai kowa ya yi tsit. Bas mai cin mutum 18 muka yi shata, mu 24 muka shiga da jakunkuna da kwandon jesi a kan cinya, mun bar Gusau bayan asuba don ba mai son dare ya same shi a hanyar nan, kun dai san halin da hanyoyinmu suke ciki ba sai na faɗa ba. Kuɗin da muka tara na kwana biyu ne, muka isa ƙafafun yara sun kumbura, washegari aka ci mu ɗaya mai ban haushi a minti na tamanin da wani abu. Wallahi koci abin kunyar da ban taɓa faɗa wa yaran ba shi ne da ƙwallon nan ta shiga wani ɓangare na zuciyata sai da ya ce Alhamdulillah, don da mun ci ban san inda zan samo kuɗin zagaye na gaba ba, na riga na jinginar da babur ɗina. Kuma wannan kafin a cire tallafin mai a 2023 ne, yanzu kam lissafa da kanka.

Saboda haka ni abin da na gani, ba manyan kulob ne ke fitar da ƙananan ba, tankin mota ne. Alhaji Ibrahim Musa Gusau ɗan garinmu ne, ya daɗe yana shugabancin hukumar ƙwallon Zamfara kafin a zaɓe shi shugaban hukumar ƙwallon ƙasa, NFF, a 2022, ya san wannan hanyar sarai, in da masu kai magana ne da wannan ce zan so a kai masa.

Ɗalibi Mai Kallon Turai, Aliero

Salam. Koci abin da kyaftin ɗinka ya gani sunansa FA Vase, kuma gaskiya ya faɗa. Ingila kofi uku suke da shi a jere ba ɗaya ba. Akwai FA Cup na kowa da kowa wanda muke gani a gidan kallo, akwai FA Trophy na manyan ƙungiyoyin da ba sa cikin lig ɗin ƙwararru, sai FA Vase na can ƙasa, mataki na 9 da na 10 a jerin lig-lig ɗinsu, irin su ma'aikacin famfo da direba da malamin makaranta. Trophy da Vase duk a Wembley ake fainal ɗinsu, tun 2016 ma rana ɗaya ake haɗa su. Kuma shiga Vase bai hana ka shiga FA Cup ba, Baba ka ga ba a kashe daɗin komai ba, ƙari aka yi. Ƙaramin kulob yana da ranar da zai gwada sa'arsa da manya, yana kuma da kofin da zai iya ɗauka da gaske.

Abin da ya fi burge ni ba Wembley ba ne, ƙuri'ar ce. Zagayen farko-farko yanki-yanki suke haɗawa, ba za a ɗauko ka daga kudu a jefa ka arewa ba sai gasar ta yi nisa an rage kaɗan. Ka kwatanta da nan, a ce Argungu ta fara da Augie ko Gwandu ko Birnin Kebbi, tafiyar awa ɗaya ka je ka dawo ka kwana gidanka, in ka wuce ka haɗu da na Yauri ko Zuru, sannan Sakkwato da Zamfara da Katsina, sai an kai 8 na ƙarshe kafin a ce ka tsallaka kogin Kwara. Ƙananan hukumomi 21 gare mu a Kebbi, Zamfara 14, ko kowace ta fitar da zakara ɗaya an samu gasa.

Faransa kuma wata dabarar suka yi, nasu kofin na kowa ne, ƙungiyoyi sama da 7,000 ke shiga, amma in tsakaninku ya kai rukuni biyu to dole babban ya tattara ya zo gidan ƙaramin. Jamus ma haka, ƙananan ne ke karɓar baƙi a zagayen farko. Da haka a Faransa Calais da ke rukuni na huɗu ta kai fainal a 2000, ta fitar da Bordeaux a wasan kusa da na ƙarshe, Nantes ta ci ta 2-1 da fenariti ana dab da tashi, har kyaftin ɗin Nantes ya jawo na Calais suka ɗaga kofin tare. Les Herbiers ma ta kai a 2018 PSG ta ci ta 2-0. Ku yi tunanin a ce doka ta tilasta wa Kano Pillars ko Enyimba su zo Argungu su buga, wallahi ranar sai an ɗauka bikin kamun kifi ne ya dawo, kuɗin ƙofa kaɗai ya ishi su koci shekara.

Italiya kuwa suna da na 'yan dagaji zalla, kuma wanda ya ɗauka ana ɗaga shi zuwa Serie D, rukuninsu na huɗu, ka ga ba rago da ƙwallo biyu ba kenan lol.

Alƙalin Wasa, Yauri

Ɗalibi ka yi karatu Allah ya ƙara basira, amma akwai abu biyu da waya ba za ta nuna maka ba sai ka riƙe usur.

Na farko, wa ye ɗan dagajin? Ka ce kofin waɗanda ba a biya, to a ƙasar nan in ka bi wannan ma'aunin rabin masu buga ƙananan lig ma sun cancanta, don da yawa alawus ɗin wasa kawai suke gani. Sannan ga sojan haya. Duk gasar unguwa da na busa, zagayen farko yaran gari ne, kowa ka san ubansa. Ana kaiwa kusa da na ƙarshe sai ka ga baƙin fuskoki, dogaye, cinya kamar turmi, ba su ma san sunan kocinsu ba. An ɗauko su daga wata jiha ko an tsallako da su daga Jamhuriyar Nijar, ko kuma ɗan lig ne ya zo hutu aka ba shi na mai. Na taɓa duba lasin na ga hoton yaro siriri mai shekara kamar 17, wanda ya miƙo min kuwa gemunsa ya fi nawa, na ce wannan kai ne? ya ce eh rashin lafiya na yi lokacin. Da na hana shi shiga sai da aka rako ni tasha.

Kuma kar ka ɗauka mu kaɗai ne. Ita Ingilar da kake misali da ita, kafin Vase suna da FA Amateur Cup tun 1893, kofi mai daraja sosai, Bishop Auckland ta ɗauke shi sau 10. Me ya kashe shi a 1974? Ana cewa ba a biya amma ana cusa wa 'yan wasa kuɗi a ɓoye, har hukumar ta gaji ta soke bambancin ɗan dagaji da ƙwararre gaba ɗaya. Shi ya sa Vase ba ta tambayar ana biyanka ko ba a biyanka, matakin da kulob ɗinka yake kawai take dubawa. In za a yi a nan to haka za a yi, a ce duk ƙungiyar da ke NPFL, wato firimiyarmu, ko NNL ba ta ciki, duk yaron da ke da lasin a can ba ya ciki, a rufe rajista kafin wasan farko, sunaye da hotuna su shiga kwamfuta yadda ni alƙali zan buɗe waya a bakin fili in gani. In ba haka ba mai kuɗin unguwa ne zai saye kofin, su koci da masuncinsu su zama 'yan rakiya.

Na biyu, maganar babba ya zo gidan ƙarami. Da daɗin ji. Amma filin naku da katanga? Yawancin filayenmu na makarantar firamare ne, igiya ake ja, 'yan kallo suna tsaye a kan layi, mai tsaron layi yana gudu yana ture mutane, in ka busa fenariti a kan 'yan gida a minti na 88 ta ina za ka fita? Ba don mugunta ake kai wasa wani gari ba, wani lokacin don a koma gida da haƙora ne. Ni na yarda da ƙuri'ar yanki ɗari bisa ɗari, amma a zaɓi fili ɗaya mai shinge a kowace masarauta, Gwandu, Argungu, Yauri, Zuru, a riƙa haɗuwa a can.

Ɗan Pillars Har Abada, Jega

Ni dai kar a sake tuna min da kofin nan na Federation. Fainal ɗin 2018 a Asaba mu Kano Pillars muna cin Rangers 3 da nema na riga na yanka kaza, suka farke duka uku suka cinye mu a fenariti. Sai 2019 a Kaduna muka huce a kan Niger Tornadoes, shi ma da fenariti, ranar ban iya kallo ba bayan gidan kallon na koma ina jin ihu. Koci in kun shiga ku koya wa yaranku fenariti kawai, sauran duk surutu ne.

Kocin Unguwa, Argungu

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Na karanta ma yaran duka jiya bayan atisaye, da na zo wurin mai gemu da rashin lafiya sai da muka dakata don dariya, sannan kowa ya juya yana kallon wani ɗan bayanmu da munka aro bara, to Malam alƙali mu ma ba mu tsira ba, Allah shi yafe muna.

Abin da na fahimta, irin kofin da kyaftin ke mafarki sai dai mu yi ta fata, wanda ke hannu shi ne na jiha. Mun yanke shawara za mu shiga na bana in Allah ya kai mu. Mun buɗe asusu, kowane yaro zai riƙa ajiye wani abu duk Juma'a, masu noma sun ce in an yi girbi kowa zai ba da kwano biyu na shinkafa a sayar, kuma zan je Birnin Kebbi da kaina in ji kuɗin fom da na lasin don kar in dogara da ji-ta-ji-ta. Birnin Kebbi dai ba nisa, ko da kabu-kabun yaran ne mun isa. Sakatare in Allah ya sa munka fita waje zan neme ka ka koya mani yadda ake jinginar da babur.

Baba Tsohon Gola wata alfarma nike roƙo, golan nan namu hannunsa kamar ƙugiya amma in an zo fenariti rufe ido yake yi ya faɗi dama ko da yaushe, duk garin an gane shi. Ko za ka daure ka zo muna ko sau ɗaya ka duba shi? Kuɗin mota a kanmu.

Tsohon Gola, Birnin Kebbi

Ka riƙe kuɗin motarka ka zuba asusu. Assabar mai zuwa in sha Allahu ina nan tahe bayan azahar, gwiwa ta hana ni faɗuwa amma baki na nan. Ka ce mai shi zo da wuri kuma kar shi shiga ruwa ranar, ba ni son shi zo mani a gajiye. Kifi kuwa ban hana shi kawowa ba, in giwan ruwa ta samu to madalla.